Man DME daga singas da iskar CO2: rigimar ruwa da haidurojin a cikin tukunya ɗaya

Wanda ya taɓa fesa maganin gyaran gashi ko fenti na gwangwani, mai yiwuwa ya riga ya yi mu'amala da daimetil eta bai sani ba. Shi ne ke tura abin da ke cikin wasu gwangwanayen feshi zuwa waje, aikin da ya samu kasuwa sosai bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta kori iskokin CFC masu cinye lemar ozon. Masu sana'ar ba sa wahalar da bakinsu da dogon suna, DME kawai suke cewa, mu ma haka za mu kira shi. Abin da ya sa injiniyoyi suka shafe fiye da shekara talatin suna zagaye shi ya wuce gwangwanin feshi: sinadari ne guda da zai iya shiga silindar girki, ya kuma shiga injin babbar mota a madadin dizal.

Halinsa ne ya ba shi wannan dama. A sarari iska ne, sai sanyi ya kai kusan digiri 25 ƙasa da sifili yake zama ruwa. Amma idan aka matse shi da abin da bai wuce ninki biyar ko shida na matsin iskar da muke shaƙa ba, zai kwanta a silinda kamar gas ɗin girki. A kwatanta da CNG da ake ta tallatawa yanzu, wanda sai an danne shi da matsi ninki 200, ko LNG, gas ɗin ƙasa da aka mai da ruwa, da sai an sanyaya shi zuwa digiri 162 ƙasa da sifili. A injin dizal kuwa, ma'aunin saurin kamawar mai da ake kira lambar siten tana kaiwa 55 zuwa 60 a DME, ta fi ta dizal ɗin kasuwa. Ƙwayarsa, CH3OCH3, tana da atam biyu na kabon da atam ɗin oksijin a tsakaninsu ya raba su, kuma tunda babu kabon da ke manne da ɗan'uwansa, kusan ba ya yin baƙin hayaƙi. Sulfa ma babu.

Yana da nasa aibin. Kilo ɗaya na DME yana ɗauke da zafi kusan megajul 29, gas ɗin girki kusan 46, dizal kusan 43. Direban da ya koma DME zai ɗauki tanki kusan ninki biyu kafin ya yi tafiyar da ya saba. Ba shi da santsi, don haka yana cinye famfon injin idan ba a zuba masa abin ƙara santsi ba, kuma yana kumbura roba ya lalata ta. Wannan na ƙarshen zai sake dawowa a labarin Chaina.

Ba a haƙo DME a rijiya, haɗa shi ake yi, kuma mafarinsa singas. Singas cakuɗe ne na kabon monokzayid, wato CO, da haidurojin, tare da ɗan kabon dayokzayid, wato CO2. Ana samun sa daga duk abin da ke da kabon: a haɗa gas ɗin ƙasa da tururi a zafin da ya haura digiri 800, ko a gasa kwal, itace ko shara da oksijin kaɗan wanda bai isa ya ƙone su ƙurmus ba. Abin da mai masana'anta ke fara tambaya game da kowane singas shi ne, haidurojin nawa ke fuskantar CO ɗaya? Gas da tururi suna ba da uku ga ɗaya. Kwal yakan ba da ɗaya ga ɗaya ko ma ƙasa da haka. A riƙe wannan lissafi, don duk rigimar da ke gaba a kansa take.

Hanyar da kusan dukkan DME na kasuwa ke bi a yau mai zango biyu ce. A zangon farko ana mai da singas metanol, wani sinadari mai ruwa-ruwa dangin alkohol: CO ɗaya ya ɗauki haidurojin biyu. Fasahar tsohuwa ce. Kamfanin BASF ya fara ta a Leuna ta Jamus a 1923 da matsi mai ban tsoro, sannan a 1966 kamfanin ICI na Ingila ya fito da katalis na jan ƙarfe da tutiya da alumina wanda ke aiki a zafin digiri 250 ko kewayensa da matsi mai sauƙi, kuma har yau jikokin wannan katalis ɗin ake amfani da su. Katalis kamar dillali yake a kasuwa: shi ke haɗa mai saye da mai sayarwa, ciniki ya faɗa da wuri, shi kuma ya tashi yadda ya zauna ya jira na gaba. A zango na biyu sai a bi da metanol ta kan wani dillalin mai ɗabi'ar asid, galibi gama-alumina, ya haɗa ƙwayoyi biyu ya matse ruwa ɗaya daga tsakaninsu, DME ya fito. Hanya ce da aka sani ciki da waje, kuma mai ita yana da zaɓi: in farashin metanol ya fi, ya sayar da metanol ya kashe tukunya ta biyu.

Damuwarta tana zangon farko. Haɗa metanol ba ya tafiya har ƙarshe. Da zarar metanol ya taru a tukunya zuwa wani mizani, sai ya fara warwarewa yana komawa CO da haidurojin daidai gwargwadon yadda ake haɗa sabo, aiki ya tsaya cik. Saboda haka kaso kaɗan na singas ne ke juyewa a wucewa guda, sauran sai a sake matse shi a mai da shi baya, a yi ta zagaye, kuma injinan matsa iska suna shan wuta da kuɗi. Masanin Faransa Le Chatelier ya bayyana ƙa'idar tun 1884, amma kowane mai gidan burodi ya san ta: in burodi ya cika kanta ba mai ɗauka, tanda za ta huta, in akwai mai kwashewa yana fitowa, gashi ba zai tsaya ba.

Daga nan tunanin hanya mai zango ɗaya ya fito. A zuba dillalan biyu a tukunya guda. Metanol yana fitowa, na biyun ya cafke shi ya mai da shi DME, kanta ba ta cika ba, na farkon ya ci gaba da aiki. Sai dai matse metanol yana haifar da ruwa, ruwa kuma in ya taru zai tsayar da zango na biyun. A nan aka yi sa'a, domin katalis ɗin jan ƙarfe yana da wata sana'a ta gefe: yana haɗa CO da ruwa ya fitar da CO2 da haidurojin. Ruwan ya ɓace, haidurojin da ya fito kuma ya koma ya shiga haɗa metanol. Matakai uku ke nan, kowanne yana cinye abin da zai shaƙe ɗan'uwansa. In aka tattara su, CO uku da haidurojin uku suna ba da DME ɗaya da CO2 ɗaya, kuma abin da ke juyewa a wucewa guda ya zarce na tukunyar metanol nesa ba kusa ba.

A duba lissafin da kyau. Yana son singas mai ɗaya ga ɗaya, irin wanda kwal da itace ke bayarwa, wanda masana'antar metanol sai ta gyara kafin ta karɓa. Amma kuma kabon ɗaya cikin kowane uku da suka shiga yana fita a matsayin CO2. Wato da kabon aka biya kuɗin kawar da ruwa. Injiniyoyin kamfanin NKK na Japan, wanda daga baya ya zama JFE, sun yi wa wannan dabara: suka mai da CO2 ɗin baya zuwa wurin haɗa singas, ya gamu da gas ɗin ƙasa da oksijin, ya sake zama CO. In aka rufe zagayen, abin da ya shiga metan biyu ne, wato babban sinadarin gas ɗin ƙasa, da oksijin ɗaya, abin da ya fita DME da ruwa. Kamfanin gas na Koriya ta Kudu, KOGAS, ya bi makamancin wannan tafarki, yana haɗa metan da tururi da oksijin da CO2 gaba ɗaya, abin da ke da amfani ga rijiyoyin da gas ɗinsu ke fitowa cike da CO2 tun daga ƙasa.

Sai zafi. Matakan nan uku duk zafi suke fitarwa, jimilla kusan kilojul 246 a kan kowane giram 46 na DME, wato kusan kashi ɗaya cikin biyar na zafin da man zai bayar in an ƙone shi. Jan ƙarfen katalis kuwa ba ya jure abin da ya haura digiri 300: ƙananan ƙwayoyinsa sai su dunƙule, fuskar da ke aiki ta ragu, kuma ba ya dawowa. Maganin da Japanawa suka zaɓa shi ne su niƙa katalis ya zama gari, su dama shi cikin wani mai da ba ya shiga haɗin kamar kunu, iska tana kutsawa daga ƙasa tana tafasowa, man yana kwashe zafin. Da wannan suka gina masana'antar gwaji mai tan 100 a rana a Shiranuka kusa da Kushiro a tsibirin Hokkaido, wadda ta yi aiki daga 2003 zuwa 2006 a zafin digiri 260 da matsi ninki 50. KOGAS ta gina tata mai tan 10 a rana a Incheon. Dukkansu sun nuna abin yana yiwuwa. Duk da haka, da Japanawa suka tashi gina masana'antar kasuwanci mai tan 80,000 a shekara a Niigata a 2008, tsohuwar hanyar matse metanol suka bi. Haka aka yi a La Brea ta ƙasar Trinidad, inda tan 20,000 na DME ke rataye a jikin masana'antar metanol mai tan miliyan ɗaya. A ganina wannan ya fi kowace takardar bincike faɗin gaskiyar matsayin hanya mai zango ɗaya: masu kuɗi sun yaba mata, amma ba su ba ta 'yarsu ba.

Yanzu a cire CO, a sa CO2 a gurbinsa, wanda shi ne abin da ya dawo da DME bakin mutane a 'yan shekarun nan. A takarda abin gwanin sha'awa ne: a kama hayaƙin da ke ɗumama duniya a mai da shi man girki. Lissafin shi ne CO2 biyu da haidurojin shida su ba da DME ɗaya da ruwa uku. A nan ne gizo ke saƙar. A tukunyar singas CO ne ke shanye ruwa. A wannan babu mai shanyewa, kuma kowane CO2 da ya zama metanol yana zuwa da nasa ruwan. Kowane tan na DME yana tafe da ruwa sama da tan ɗaya.

Ruwan yana ɓarna ta ko'ina. Yana tsayar da haɗin tun da wuri, ta yadda ribar da aka samu ta haɗa dillalai biyu ta ragu ƙwarai. Yana hanzarta dunƙulewar jan ƙarfe. Gama-alumina kuwa mayen ruwa ne, ruwan yakan zauna daidai guraben da metanol ya kamata ya sauka. Ga kuma matakin nan na gefe da ya taimaka a baya, yanzu ya juya da baya: CO2 yana cin haidurojin mai tsada ya haifi CO da ƙarin ruwa, kuma ƙara zafi don a farkar da CO2, wanda sinadari ne mai nauyin jiki, wannan juyin yake ƙarfafawa.

Masu bincike sun koma ga ziyolait, wasu duwatsu masu ƙananan ramuka irin su ZSM-5 da feriyarait, waɗanda ruwa bai cika damun su ba kuma suna aiki a zafi mai sauƙi. An gudu ba a tsira ba. Asid ɗin ZSM-5 yana da ƙarfin da ba ya tsayawa a DME, yakan zarce ya mai da shi wasu sinadaran mai, har ya bar baƙin kabon da ke toshe ramukan. Wannan zarcewar ba sabon abu ba ce, ita ce kamfanin Mobil ya mai da sana'a, aka gina masana'antar Motunui a New Zealand a 1985 tana yin fetur daga metanol ta kan wannan dutsen. Abin da yake riba a can asara ne a nan. Akwai kuma matsalar zaman kishiyoyi: in aka niƙa katalis biyun tare don metanol ya yi gajeriyar tafiya, jan ƙarfe yakan yi ƙaura ya shiga ramukan ziyolait ya kashe asid ɗinsa, in aka nisanta su, amfanin haɗa su ya ragu. Yawancin binciken da ake yi yau a kan wannan tazara yake, da kuma ƙara sinadarai irin su zirkoniya don jan ƙarfe ya daure wa ruwa.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta cibiyar bincike ta TNO a Petten ta ƙasar Holan, wadda suke kira SEDMES. Maimakon neman katalis mai haƙuri da ruwa, sai suka zuba na uku a tukunya, ziyolait 3A, mai ramukan da ƙwayar ruwa ke iya shiga amma metanol da DME ba sa iyawa. Ruwa yana fitowa, soso ya tsotse. Aikin da CO ke yi a tukunyar singas ke nan, ba tare da an yi asarar kabon ba. Amma soso yana cika. Dole a tsayar da tukunyar a sauke matsi a busar da shi, don haka sai an jera tukwane da yawa suna karɓa-karɓa, wata na aiki wata na bushewa. Wasu kuma suna gwada bango mai tace tururi kaɗai ya fitar da shi. Duka biyun suna matakin gwaji.

A ɗauka an gama da ruwa gaba ɗaya. Saura babbar tambaya, wadda ba katalis ɗin da zai amsa ta. CO2 toka ce, abin da ya rage bayan an riga an ci amfanin wuta. Duk ƙarfin da zai kasance cikin DME ɗin da aka yi da ita daga haidurojin zai fito. Tan ɗaya na DME yana buƙatar kusan tan 1.9 na CO2 da kilo 260 na haidurojin. In da lantarki za a raba ruwa a samo shi, kowane kilo yana cin kilowat-awa 50 zuwa 55, wato kusan kilowat-awa 13,000 zuwa 14,000 a kan tan guda na man da zafinsa duka bai wuce kilowat-awa 8,000 ba, kuma ba a sa kuɗin kama CO2 da matse iska a ciki ba. In kuwa aka ce a ɗauko haidurojin mai araha, wanda ake yi da gas ɗin ƙasa, kowane kilo yana sakin kilo 9 zuwa 10 na CO2. A ninka da 260, an saki fiye da tan 2.3 don a kama tan 1.9. Tufka da warwara ke nan. Ga shi kuma ranar da aka kunna DME a murhu, CO2 ɗin da aka kama zai koma sama. In daga bututun masana'antar siminti aka kamo shi, an dai ci moriyarsa sau biyu kafin a sake shi; sai in daga tsirrai ko daga iskar sarari ya fito ne zagayen ke rufewa, kuma a sarari CO2 kusan kashi 0.04 cikin ɗari ne kawai, tsinto shi aiki ne ja.

Shi ya sa wuraren da aka fara mai da CO2 metanol a zahiri ba su zo da mamaki ba. Masana'antar da aka sa wa sunan George Olah, masanin da ya ci kyautar Nobel a 1994 kuma ya daɗe yana wa'azin tattalin arzikin metanol, tana Svartsengi a Iceland, inda lantarki ke fitowa daga zafin ƙarƙashin ƙasa kuma CO2 ke tasowa daga rijiyoyin tururi iri ɗaya. Ƙarfinta ya kai tan 4,000 a shekara. Babbar 'yar'uwarta da aka buɗe a Anyang ta Chaina a 2022, mai tan 110,000, da haidurojin da ke saura daga tandunan gasa kwal take aiki. A Piteå ta arewacin Suwidin an yi DME daga baƙin ruwan da ke saura a masana'antar takarda, manyan motocin Volvo goma suka yi ta jigila da shi a gwaji, injina suka yi lafiya, amma daga baya masana'antar ta rufe. Kowanne ya tsaya ne a inda wani abu ke zuwa kusan kyauta.

Kasuwa ma tana da nata darasin. Chaina ce ta fi kowa yin DME, daga kwal, kuma a shekarun 2000 an yi rububin gina masana'antu da fatan cakuɗa shi da gas ɗin girki. Masana sun yarda cewa har kusan kashi 20 cikin ɗari ana iya cakuɗawa ba tare da sauya murhu ba, in an kula da irin robar da ke silinda da bawul. Sai masu cika silinda suka gano DME ya fi araha, suka riƙa zuba shi a ɓoye suna sayarwa da farashin gas. Mai saye ya biya kuɗin megajul 46 ya tafi gida da ƙasa da haka, robar bakin silinda tana lalacewa, gas yana yoyo. Hukumomi suka hana cakuɗa shi a silindar gidaje ta yau da kullum, masana'antu da yawa suka koma aiki ƙasa da rabin ƙarfinsu. Duk wanda ya san yadda ake cika silinda a shagunan unguwa a Kano ko Maraɗi zai gane cewa wannan labari bai yi mana nisa ba.

Ga Najeriya, in har akwai wata ƙofa, ba ta CO2 da lantarki ba ce, a ƙasar da wutar ba ta ishi gidaje ba. Ta gas ɗin da ake ƙonawa a banza a yankin Neja Delta ce. Yin singas ba baƙon abu ba ne a can: masana'antun takin zamani da shi suke farawa, haka ma masana'antar Escravos a jihar Delta da ke mai da gas dizal. Amma masana'antar singas tana son girma kafin kwalliya ta biya kuɗin sabulu, wutar da ake ƙonawa kuwa a warwatse take rijiya-rijiya, kuma wannan gas ɗin da kansa yana ɗauke da furofan da butan, ainihin gas ɗin girki, waɗanda tace su ya fi haɗa sabon sinadari sauƙi.

Indonesiya ce ta je gab da gwada abin a babban mataki. Tun 2007 ta janye talakawanta daga kananzir zuwa koren silinda mai kilo uku, ta wayi gari mafi yawan gas ɗin daga waje take saye tana kuma biyan tallafi a kai, alhali tana zaune kan tulin kwal mara daraja. A Janairun 2022 Shugaba Joko Widodo ya aza harsashin masana'anta a Tanjung Enim ta kudancin Sumatra, haɗin gwiwar kamfanonin gwamnatin ƙasar, Bukit Asam na kwal da Pertamina na mai, da kamfanin Air Products na Amurka, wadda aka tsara za ta ci kwal tan miliyan 6 a shekara ta fitar da DME tan miliyan 1.4, ya maye gurbin gas ɗin girki tan miliyan ɗaya. Ko wannan tazara ta 1.4 da 1 ta samo asali ne daga bambancin megajul 29 da 46 da muka gani tun farko. Fasahar ba ta da wani sirri, kwal yana nan a gindin masana'antar, masu saye miliyoyi suna jira da silindarsu. A 2023 Air Products ya janye daga aikin.